Maigida Ya Kusa Sauka: Shawarwari Ga Gidan Da Ke Jiran Matafiyi

Fagge ta daɗe da sanin matafiya. Nan ayarin raƙuman Azbin ke yada zango tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. A zamanin kakanni fataken goro kan yi watanni a hanyar Gwanja, masu zuwa Makka ta ƙasa kuwa, ta Chadi da Sudan, wani sai ya dawo ya tarar ɗan da ya bari a goye har ya shiga makarantar allo. Yanzu tafiyar ta gajarce, amma ba ta ƙare ba. Ga ɗan kasuwar Kwari da ya bar shago a hannun yara ya bi 'yan Tablig kwana 40 ko wata 4, wani lokaci har Pakistan ko Indiya. Ga malamin da ake gayyata tafsirin azumi a Gana ko Kamaru, ga ɗalibin Madina ko Azhar, ga alhazai kowace shekara. A Sabon Gari ma akwai fastoci da masu bishara da ikilisiya ke aikawa ƙasashen maƙwabta, kamar yadda ƙungiyar EMS ta cocin ECWA, wadda aka kafa a 1948, ke yi. Shirin tafiya kowa ya iya shi. Shirin dawowa ne aka fi yi wa sakaci, kuma a nan ake samun saɓani.

1. A san ranar sauka. Hadisin Jabir da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa, don matar ta samu damar gyara kanta. To, a zamanin WhatsApp ba wanda ke da uzurin yin ba-zata. Ke kuma uwargida, kada ki ɗora tukunya don kawai an ce "gobe ne jirginmu". Jigilar alhazai kan sauya rana, masu zuwa daga Asiya kuma sai sun yada zango a wurare irin su Addis Ababa ko Alƙahira. Ki bari sai ya bugo ya ce sun shiga jirgi. Daga Jidda zuwa Kano awa huɗu ne zuwa biyar, sun ishe ki tuƙa tuwo, ki kaɗa miya, ki yi wanka, ki turara ɗaki.

2. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana nan cikin ƙaramar hukumar Fagge, don haka kowa sai ya ga ai kusa ne, bari ya je. Mota ɗaya ta isa: ƙaninsa, babban ɗansa, da wurin sa kaya.

3. Abincin farko ya zama na gida, mara nauyi. Mutumin da ya yi wata huɗu yana cin gurasar Pakistan da miyar wake, ko kafsa da kazar gidan gona, ba abin da yake mafarki kamar tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu, sai kunun tsamiya ko fura mai sanyi. Farfesun kayan ciki mai yaji da soye-soye a bari sai cikinsa ya daidaita.

4. A tsara 'yan sannu da zuwa, in ba haka ba su za su tsara gidan. Kowa ya san yadda abin yake. Kafin la'asar ƙofar zaure ta cika da takalma, ana ta "Barka da sauka, Alhaji", "Allah ya sa karɓaɓɓiya ce", "Ya ka baro su?", shi kuwa idonsa ya yi ja, yana amsawa yana gyangyaɗi. Bayan magariba abokan kasuwa su taso daga Kwari rukuni-rukuni, sai ƙarfe 11 na dare matar da ta yi watanni tana jira ba ta samu ko minti goma da mijinta ba. Ku tuna jikinsa bai dawo agogonmu ba tukuna. Saudiyya ta riga mu da awa 2, Pakistan da awa 4, Indiya da awa 4 da rabi. Ƙarfe 8 na dare a Fagge, ga wanda ya taso daga Lahore tsakar dare ne.

Maganin abin shi ne a samu wani namiji mai faɗa a ji a dangi, wansa ko amininsa, ya zauna a zaure yana tarbar mutane yana sallamarsu da daɗin baki: "Yana hutawa, gobe bayan la'asar zai zauna da jama'a." Mace ba za ta iya faɗin haka ga dangin miji ba tare da an ce ta mallake shi ba. Manzon Allah (SAW) in ya dawo daga tafiya da masallaci yake farawa, ya yi raka'a biyu, ya zauna wa mutane a can. Wanda ya yi haka a masallacin unguwa ya rage wa gidansa rabin cunkoso. A Sabon Gari kuma ana iya barin gaisuwar jama'a zuwa sujadar Lahadi, 'yan Zumuntar Mata su taimaka da girki a ranar. Walimar dawowa tana da asali a sunna, sai dai a yi ta daidai ƙarfi. Ban ga dalilin cin bashi don ciyar da mutanen da ba su leƙo gidan ba ko sau ɗaya lokacin da maigidan ba ya nan.

5. Kada a buɗe jaka a tsakar gida. A kai ta ɗaki, a rufe, sai an zauna an rubuta sunaye. Mahaifiyarsa ce farko, kuma shi zai kai mata da hannunsa, sannan iyayen matar, sannan waɗanda suka tsaya wa gidan: maƙwabciyar da ta kwana da ke a asibiti, yaron shagon da ke kawo cefane. Zamzam lita 5 ake ba kowane alhaji, ba za ta zagaye unguwa ba sai an raba ta a ƙananan kwalabe. Carbi da dadduma da hula da jallabiya kuwa, sirrin da kowa ya sani ne cewa mafi yawansu daga Sin ake kawo su, kuma irinsu na nan a kasuwar sansanin alhazai da Kwari. In tsaraba ta gaza a cika a nan, ba abin kunya ba ne.

Wanda ya dawo daga da'awa ko aikin bishara, shi lamarinsa daban. 'Yan Tablig da kuɗin aljihunsu suke fita, mai bishara kuma ɗan abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa jakar ba komai sai tufafi masu datti da littattafai. Ki shirya wa yara zuciya tun kafin ya iso, ko ki sayi ɗan alewa da dabino ki ba shi a ɓoye ya miƙa musu. Riyal ko dalar da ta rage a aljihu kuma a adana ta wuri ɗaya, a kai Wapa a canza a natse, kada ta salwanta wajen rabon "ga wannan a sha ruwa".

6. A sa ido kan lafiyarsa mako biyun farko. Tarin alhazai sananne ne, yawanci yakan wuce da kansa. Amma in ya haɗu da zazzaɓi mai zafi da wahalar numfashi, a tafi asibiti, ko Asibitin Zana ko na Murtala, kuma a gaya wa likita ƙasar da ya fito da ranar da ya sauka, domin akwai cutar numfashi ta MERS da aka fara ganowa a Saudiyya a 2012. Ya ɗan nisanci jariri da tsofaffi har tarin ya lafa. Sauron Kano kuma bai manta da shi ba, a ɗaura masa gidan sauro tun daren farko. Mai hawan jini ko ciwon sukari a auna shi, don maganinsa ƙila ya ƙare tun a can bai faɗa ba.

7. Kada a tare shi da matsala a bakin ƙofa. Kuɗin makaranta, takardar wuta, faɗan da aka yi da facala, duk za su iya jiran kwana uku. Rasuwa ce kawai ba a jinkirtawa. In an ɓoye masa mutuwar wani na kusa don kada hankalinsa ya tashi a can, to babba a dangi ya gaya masa a ranar, kafin wani mai gaisuwa ya haɗa masa sannu da zuwa da ta'aziyya.

8. Bayan kwana ukun, a zauna lissafi. Wannan shi ne ginshiƙin duk shawarwarin nan. Matafiyi kan dawo da farashin ranar da ya tafi a kansa. Ku tuna 2023: an cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a watan Yuni kuma aka saki naira, dala ta bar wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 700. Wanda ya fita a farkon Mayu ya dawo a Satumba wata ƙasa ya tarar. Irin wannan mutumin ne zai ce, "Kuɗin da na bari fa? Ai na lissafa za su kai." In ba rubutu sai rantse-rantse da kuka. In kuwa kin ajiye ɗan littafi, ko na 'yan makaranta mai shafi 40, kin rubuta kwanon shinkafa nawa, gas nawa, maganin Ummi nawa, rancen da kika karɓa wajen yayarki nawa, zubin adashin da kika ɗauka kika cike giɓi nawa, sai ki ajiye masa a gaba ki ce, "Abban Ummi, ga yadda muka yi." Littafin zai yi miki magana. Abin da kika kashe daga kuɗin sana'arki ki faɗe shi a fili, ki ce kyauta ne ko bashi. Wanda aka bari a ciki ba a faɗa ba shi ke fitowa bayan shekara a tsakiyar wani faɗan daban.

Lissafin shago kuma a yi shi a shago. Maigida ya shiga sito da kansa, a ƙirga dila da bandir da turmi, a buɗe littafin bashi a ga wane kwastoma ya biya, wane ya ce sai Alhaji ya dawo. Wata huɗu a Kwari ba wasa ba ne: zanen atamfar da ake rububi lokacin tafiyarsa ƙila ya kwanta, canji ya motsa, sarin sallah ya wuce. Damina ma na da nata, waɗanda ambaliyar Agustan 2022 ta jiƙa wa kaya ba su manta ba. Kada uwargida ta zama mai kai rahoton yaran shago, kada kuma yaran shago su zama masu ba da labarin wanda ya shiga gidan da wanda ya fita.

9. Kai maigida, gidan ya koyi tafiya ba ka nan, dole ce ta sa. Ita ta je makarantar yara, ita ta kira mai gyaran famfo, ita ta yanke wa Abba hukunci da ya ƙi Islamiyya. Kada ka shigo ran farko kana rushe dokokinta a gaban yara. Ka yi mako kana kallo, abin da bai yi maka ba ku yi maganarsa a ɗaki. Ƙaramin yaron da ya ɓuya a bayan zanen uwarsa yana leƙenka, kada ka fizgo shi, zauna a tabarma ka bar shi ya zo da kansa. Kuma jama'a sun yi ta ce maka sannu da hanya, ita ba wanda ya ce mata komai. Ka ce mata, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri," tun kafin ka tambayi makullin mota.

10. Zai iya dawowa da sabon hali. Wani ya dawo ya tsaida gemu, yana son a kafa karatun hadisi kullum bayan isha'i, a kashe talabijin. Wani ba ya da zance sai "a can kaza ake yi". Ki saurara, domin ya ga abin da yake son ya ba da labarinsa, kuma in bai samu kunne a gida ba majalisa zai koma. Amma ra'ayina shi ne wanda ya yi wata huɗu yana bin ƙofofin baƙi da lallashi da murmushi, bai kamata ya zo kan iyalinsa da tsawa ba. Minti goma na karatu da kowa ya zauna da son ransa sun fi awa guda da ake yi ana hararar agogo.

11. Gidan da ke da mace fiye da ɗaya, a warware zancen ɗakin da zai sauka tun yana can. Ya tambayi malaminsa, ya sanar da kowacce da bakinsa, tsaraba kuma a raba a gaban juna ko a yi ta iri ɗaya.

12. In Hajiya ce ta dawo, duk abin da aka faɗa a sama haƙƙinta ne ita ma. Kada ta sauka ta tarar da tulin wanki da tukwanen kwana 40. A share ɗakinta, a nemo mai girki na kwana biyu ko uku, kai kuma ka je filin jirgin da kanka.

13. Kafin a sake wata tafiyar, a yi shawara. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa iya tsawon da mace za ta jure rashin mijinta, daga nan ya sa wa mayaƙa wa'adin watanni da ba za su wuce ba su dawo gida. Ciyar da iyali wajibi ne, fita wa'azi ba ya sauke shi. Don haka malam, ranar da aka zo rubuta sunayen masu fita jama'a ta gaba, kafin ka ɗaga hannu ka koma gida ka buɗe littafin nan na cefane, ka tambayi mai ɗakinka ko ta yarda, ka kuma ajiye mata abin da zai kai har da ƙarin tashin farashi.