Ranar Da Akwatin Wasiƙunmu Ya Ƙi Buɗuwa

'Yan'uwana ɗalibai, Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da zan faɗa muku a ofishin makarantarmu ya faru, a kan idona, na kuwa ga ya kamata in rubuta shi don mu ƙaru baki ɗaya.

Ran nan da hantsi akawun makaranta ya aika a kira ni, don ya san ina cikin ƙungiyar masu koyon kwamfuta. Na iske shi ya yi tagumi. Ashe sunayen 'yan ajin ƙarshe masu zaman jarrabawa za a aika ta imel kafin azahar, ga shi manhajar wasiƙu ta ƙi buɗuwa. Manhajar kuwa Thunderbird ce, wadda Mozilla ta fitar da cikakkiyarta a 2004. Amma tun yanzu in gaya muku, laifin namu ne, ba nata ba.

Ya ce, "Ɗana, ko mu share ta mu sa sabuwa?" Na ce, "A'a Baba, a bi a hankali. Sauri ya haifi nawa."

Da farko na danna Ctrl da Shift da Esc tare, don in ga ayyukan da kwamfutar ke yi a ɓoye. Sai ga manhajar ta maƙale tun jiya ba ta rufu ba, shi ya sa ta ƙi karɓar sabon kira. Na tsai da ita.

Na biyu, kafin in sake buɗe ta, na kwafe jakar da take tara wasiƙu, wadda ake kira furofayil, na adana a filas. Dalili kuwa, in an saita imel bisa tsarin POP, sau da yawa wasiƙun a kwamfutar nan kaɗai suke. In sun salwanta, shi ke nan.

Na uku, na riƙe maɓallin Shift sa'ad da nake buɗe ta. Yin haka yana sa ta tashi ba tare da ƙananan manhajojin da aka liƙa mata ba. Masu Outlook kuwa Ctrl suke riƙewa. In ta yi sauri a wannan hali, to ɗaya daga cikin abubuwan da aka liƙa ne mai laifi, sai a riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya har a gano shi. Tamu ta buɗu, amma tana tafiyar hawainiya. Nan na san ciwon yana wani wuri dabam.

Ga inda yake. Wannan manhaja takan jera duk wasiƙun akwati guda cikin fayil ɗaya mai tsawo, kamar rajistar aji. In ka share wasiƙa, ba a yage shafinta, layi kawai ake ja a kanta, nauyinta yana nan. Ba ta fita sai an matse akwatin da umarnin da aka rubuta wa suna Compact. Manhajar takan nemi izinin yin haka, amma Baba Akawu kullum sai ya ƙi, don tsoron kada wasiƙunsa su ɓata. Shekara da shekaru shara tana taruwa.

Matsewar tana bukatar fili a cikin kwamfuta, domin sabon fayil ake rubutawa kafin a jefar da tsohon. Saboda haka muka fara kwashe tsofaffin hotuna, sa'an nan muka matse akwatin. Daga ƙarshe muka sa ta sake gina ƙaramin fayil ɗin nan mai ƙarewa da msf, wanda yake kamar jerin abubuwan da ke cikin littafi. Nan da nan ta warware. Kafin ladan ya kira salla sunaye sun tafi.

Abin da na koya uku ne. Kada ka taɓa komai sai ka yi kwafi. Kada ka gyara abu biyu a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi magani ba. Kuma in na'ura ta yi maka tambaya, ka karanta kafin ka amsa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.