Nasiha Ga Sababbin Ma'aurata Kan Kuɗin Cefane

'Ya'yana, ku da kuka yi aure a 'yan shekarun nan kun tarar da kasuwa da zafi. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur kuɗin mota ya tashi, duk abin da mota ke ɗaukowa kuma ya bi sahu. A tsakiyar 2024 alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka nuna tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. A watan Yuli na 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. In ka raba shi huɗu, naira 17,500 ke nan a mako, ba a cire haya ba, balle magani da kuɗin makaranta. Don haka in na ji amarya tana kukan kuɗin cefane ba ya isa, ba na cewa ba ta iya tattali ba. Sai dai akwai abubuwan da muka gani a hannun iyayenmu waɗanda har gobe suna aiki, su nake so in ba ku.

Da kai zan fara, ɗana. Faɗa wa matarka gaskiyar abin da kake samu. Magidanta da yawa sai sun sa takalmi za su fita suke miƙa 'yan canji a bakin ƙofa, ita kuwa ba ta san ko gobe za a ƙara ko za a rage ba. Wadda ba ta san na gobe ba, ta yaya za ta tsara na yau? Ku zauna ranar da kuɗi ya shigo, ko daren Juma'a in kai mai samun kullum ne, ku ajiye abin da za a ci a makon gaba ɗaya a gabanku. Ba zubar da girma ba ne. Macen da ta san iyakar aljihun mijinta ita ce take rufa masa asiri.

In kun zauna, awo za ku fara cirewa: hatsi, wake, mai, gishiri, da gawayi ko gas. Abin da ya rage shi ne na kayan miya. Yawancin gidaje a juye suke yi, shi ya sa kuɗin ke zurarewa. Ki duba da kyau, 'yata: da safe an aiki yaro shago ya sayo sukari na ƙulli da man gyaɗa a leda, da rana ya koma sayen taliya da dunƙulen ɗanɗano biyu, da magariba ga shi can ya tafi neman garin tuwo. Kowane ƙulli akwai ribar mai ƙullawa a ciki, akwai kuɗin leda, man da ya maƙale a jikin ledar kuma ya tafi a banza. Ban ga laifin masu ƙullin ba, abincinsu suke nema, da yawansu ma maƙwabtanmu ne. Amma in kika tara kuɗin man ƙulli na kwana bakwai kika gwada da kwalba guda, da kanki za ki ga bambanci. In hali ya yi, ku haɗa kuɗi gida uku ko huɗu, mutum ɗaya ya je kasuwar Dawanau ko kasuwar ƙauyen da ke kusa da ku ranar da take ci, ya sayo buhu a raba da kwano. Kuɗin mota ɗaya, farashin sari.

Shinkafa ita ce ta fi cin kuɗi, kuma ita yaran yanzu suka fi so. Ku bar ta ta zama ta kwana biyu ko uku a mako. Masara da dawa da gero su ne ginshiƙin gida. Kwano biyu na masara in an surfa an kai inji, a ce wa mai niƙa ya ɓarza kashi ɗaya ya niƙe sauran. Garin na tuwo ne, tsakin na fate da dambu, dusar kuma ta kaji ce ko a sayar wa mai akuya. Geron a jiƙa a yi kamu na kokon safe. Niƙa sau ɗaya a mako ya fi a riƙa kai ɗan tiya kullum, domin kowane zuwa sai inji ya ci rabonsa.

Inda nake so ku fi kula shi ne wake. In kuɗi ya yi ƙaranci abin da ake fara yankewa nama ne, wannan ba komai, amma in an cire nama dole a sa wani abu a gurbinsa. Yaron da ke cin gayan tuwo, taliya da mai da yaji, cikinsa zai cika amma jikinsa ba zai ginu ba. Wake da hatsi in sun haɗu kowanne yana cike abin da ɗan'uwansa ya rasa na gina jiki, shi ya sa garau-garau da ɗan wake da koko da ƙosai abinci ne na gaske. Waken suya ya ma fi wake ƙarfi ta wannan fanni. Ki koyi yin awara da kanki: a jiƙa, a markaɗa, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami ta dunƙule. Ki soya ɗan waken suya da gyaɗa sama-sama, ki haɗa da gero a niƙa, ki riƙa dama wa yaron da ya wuce wata shida. Ƙuli-ƙuli ma kada ki raina shi, in an daka an kwaɗa zogale ko rama da shi ya zama abincin rana. Waken da za ki ajiye kuwa, ki shanya shi ya bushe sosai, ki cika jarka mai tsabta har wuya, ki toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin ciki za su mutu da kansu. Don Allah kada ki zuba fiya-fiya a abin da 'ya'yanki za su ci.

Kayan miya lokaci gare su. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin rani na Kadawa da kewaye ya cika kasuwannin Kwanar Gafan da 'Yankaba, kwando yakan faɗo ƙasa warwas. Da damina ta kama sai ya zama sai mai hali, in kuma tsutsar tumatir ta faɗa gonaki kamar yadda ta yi a 2016, har mai halin sai ya yi tunani. Lokacin arahar ake shiri. Ki wanke, ki yanka kowanne gida biyu ko huɗu, ki jera a kan tabarma mai tsabta cikin rana, yankakken gefen yana kallon sama, ki lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. In ya bushe har yana ƙaras-ƙaras ya zama kauɗa, ki ɗura a bokiti mai murfi. Haka tattasai da attaruhu da kuɓewa. Gidan da ke da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da karkashi ba ya kwana da yunwa don tumatir ya yi tsada. In akwai ɗan fili a tsakar gida ki dasa zogale, ki shuka yakuwa da alayyahu ko a tsohon buhu ne, ruwan ɗauraya ya ishe su.

Tsarin makon ba sai an rubuta dogon jadawali ba. Dare tuwo ne, miya ake canzawa: yau kuka, gobe kuɓewa, jibi taushe in kabewa ta yi araha. Ki tuƙa da ɗan yawa don a samu ɗumame, domin shayi da burodi na mutum biyar kullum safiya yana iya cinye kuɗin abincin rana. Rana kuwa a riƙa juyawa tsakanin ɗan wake, faten tsaki da yakuwa da gyaɗa, dambu, garau-garau, da dankalin Hausa in lokacinsa ne. Ranar Juma'a a yi shinkafa da miya, a sa ɗan nama ko kifi, yara su san ranar daban ce. Ƙashi da kayan ciki da kifi banda suna ba miya daɗin da tsoka ba ta fi su ba, kuma in ana watanda a unguwarku ku shiga. Daidai ruwa daidai tsaki, kada ki dafa don maƙwabta su ji ƙamshi.

Wuta ma cefane ce. Waken da ya kwana a jiƙe ba ya daɗewa a kan wuta. Ki rufe tukunya, ki gama yanke-yanke kafin ki kunna gas, in kin sauke ki kashe ragowar gawayi ki adana na gobe.

Bashin mai shago shi nake ji muku tsoro. Yana farawa da "rubuta, gobe zan kawo", kafin ku ankara kuɗin sabon mako ya tafi biyan abincin da aka riga aka cinye. Gara ku ware ɗan wani abu, ko yaya ƙanƙantarsa, ku ce wannan na baƙo ne ko na ranar da kasuwa ta ƙi. Baƙo kuwa ku ba shi abin da kuke ci da sakin fuska, ba sai an ciyo bashin kaza ba.

Ɗana, na dawo gare ka. Tsiren da kake tsayawa ci a hanya, da indomi da ƙwai a teburin mai shayi, in ka lissafa na mako za ka tarar ya sayi kwanon wake. Kawo kuɗin gida a dafa ku ci tare. Ke kuma 'yata, na san halinku, sai kin zuba wa kowa sannan ki kankare ƙanzo ki ce kin ƙoshi. In kina da ciki ko kina shayarwa, rabonki na wake da ganye da ƙwai, in an samu, a fara cire shi kafin a zuba wa kowa. Maigida, kai za ka tsaya ka ga ta ci.