Tsohuwar mussa mai zawo: kada a kore ta, a gyara mata wuri

Ƴan'uwa makiyaya da manoma masu kiwo, darasinmu na wannan karo ba kan shanu ko raƙuma yake ba. Kan mussa yake, wadda wasu ke ce ma kyanwa ko mage. Wani zai ce, mi ya haɗa ma'aikatan kiwo da mussa? Abin da ya haɗa mu da ita shi ne rumbu, da buhun dusa, da cikin tumakinku da awakinku.

Kun san yadda abin yake. Mussa ta yi shekara 10 ko 12 a gida tana tsare rumbu daga kusu, ba a taɓa ganin kashinta ba, don nesa take zuwa ta tona ta rufe. Sai wata rana uwargida ta buɗe buhun dusa ta tarar da ƙazanta a ciki. Gobe a kan harawa, jibi bayan randa. Sai a ce ta lalace, a bi ta da sanda, ko a sa yaro ya kai ta daji ya yar, a roƙo ƴaƴan mussa biyu wajen maƙwabta. To wannan musanya akwai asara cikinta, kuma a garke ake biyan ta.

Kashin mussa da ɓarin bisashe

Akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, likitoci na ce mata toksoplasma. A shekarar 1908 aka gano ta a ƙasar Tunisiya, jikin wata ƴar dabba dangin kusu, amma sai a 1970 aka tabbatar a hanjin mussa da danginta na daji kaɗai take yin ƙwai. Mussa ta ci kusu ko tsuntsu ko ɗanyen nama mai cutar, sai ta shiga zubar da ƙwan cikin kashi, miliyoyi. Ƙwan ba ya kama kowa ranar da ya fito. Sai ya kwana 1 zuwa 5 a ƙasa tukuna ya nuna. Rana da fari suna kashe shi, amma a inuwa mai laima, kamar ƙarƙashin rumbu ko bakin rijiya, yana iya fin shekara da ransa.

In tunkiya ko akuya mai ciki ta ci shi cikin dusa ko ta sha a ruwa, kuma ba ta taɓa gamuwa da cutar ba, cikin ne ke shan wuya. In cikin sabo ne sai ya narke, ka ga ta sake neman rago kamar ba ta ɗauka ba. In ya yi nisa sai ta yi ɓari, ko ta haifi ɗa busasshe, ko raunanne da ba ya iya tsayawa ya sha nono. Uwar kuwa sau da yawa lafiyarta lau. Wani lokaci in ka duba mabiyiya za ka ga ɗigo-ɗigo farare a kan ƙulle-ƙullenta. Tunkiyar da ta yi sau ɗaya galibi ba ta maimaitawa. Akuya ta fi rauni, tana iya sake yi. Mai jar akuyar Maraɗi, wadda ta saba ba shi tagwaye, ya san abin da ɓari ɗaya ke ci masa: wata 5 na ciki, da ƴaƴa biyu, da nonon yara.

Ga inda ya kamata ku tsaya ku lura. Mussa ba ta zubar da ƙwan nan duk rayuwarta. Lokacin da ta fara kamuwa take zubarwa, sati 1 zuwa 3, daga nan jikinta ya rufe ƙofa, da wuya ta sake. Yaushe take fara kamuwa? Tana ƙarama, lokacin da ta fara farauta. Ke nan tsohuwar da ta shekara 10 tana cin kusu ta daɗe da wuce wannan mataki, ƴaƴan da kuka roƙo kuwa yanzu za su shige shi, kuma a rumbunku za su yi. Don haka ne a ƙasashen da ake kiwon tumaki da yawa, kamar Ingila, ake ba makiyayi shawara ya riƙe babbar mussa lafiyayya wadda aka hana ma haihuwa, domin tana korar baƙin mussoshi daga wurinta. In ka raba ta da gidan, kusu ya yi yawa, mussoshin gari sun samu hanya, ƴaƴa sun cika wurin.

Ba mu ce kashin tsohuwa tsabtatacce ne ba. In ciwo ya raunana ta ƙwarai tana iya sake zubarwa kaɗan, ga ƙwan tsutsa kuma. Ba mu ce kowane ɓari daga mussa yake ba. Bakkale na sa ɓari, haka zazzaɓin nan na Rift da ya kashe mutane da bisashe a arewacin jihar Tawa, wajen Cintabaradan da Tasara, a 2016. In ɓari ya yi yawa a garke lokaci guda, ku sanar da ma'aikacin kiwo ran nan, kada ku tsaya zargin mussa.

Mi ya sa ta bar wurinta?

Ba don ƙeta ba ne. Mussa ba ta san ramuwa ba. Abu uku ne suka fi sa ta. Na farko zawo: ya taso mata ba ta da lokacin kai wa bayan gida. Na biyu taurin kashi: ta yi nishi ta ji zafi a wuri, sai ta ɗora laifin a kan wurin, ta nemi wani. Na uku, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, ciwon gaɓɓai. A Amurka a 2002 an duba hoton ƙashin mussa 100 da suka wuce shekara 12, aka samu alamar lalacewar gaɓa a jikin 90. Mussa ba ta ɗingishi kamar kare, sai dai ka ga ta daina hawa katanga, ta daina gyaran gashin bayanta. Wadda da take tsallake danga ta tafi gona, yanzu dangar ta fi ƙarfinta. Ƙara da karen gida da ke tare mata hanya, da damina da ƙasa ke jiƙe, da sanyin hunturu.

To ina za ta? Mussa na son abu mai laushi, busasshe, wanda ke tonuwa. Dusa da sussukakken hatsi a ƙafarta daidai suke da rairayi. Buhun da aka bari a buɗe, a wurinta an shimfiɗa mata ne.

Duka ba ya gyara komi. Tsoro ma na ƙara tayar mata da ciki, kuma ya koya mata ta ɓoye inda ba za ku gani ba, ƙuryar rumbu.

Ciwon cikin da ya daɗe

Zawon kwana 2 ba shi muke nufi ba. Wanda ya wuce sati 3, ko amai da ke dawowa kowane sati, ko rama, shi ne ciwo mai daɗewa. Ku fara da tsutsa, don ita ta fi sauƙin magani: mussa mai farauta ba ta rabuwa da tsila, daga kusu da ƙuma take samunta, za ku ga gutsattsarinta kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya. Maganin tsutsa duk wata 3 ya dace da ita, amma na mussa, gwargwadon nauyinta.

Sai abinci. Nan ne mu makiyaya muke cutar da ita da alheri. Babbar mussa ba ta narkar da zaƙin da ke cikin madara, don haka madarar da ake zuba mata da safe tana iya zama tushen zawon duka. Nono mai tsami ya fi sauƙi a cikinta, amma mai zawo a dakatar mata da duka biyun. Sauran tuwo da miya ma ba abincinta ba ne. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa mata jini. Mussa maciyar nama ce, tuwo zalla ba ya riƙe ta, har makanta da ciwon zuciya yana jawowa in ya daɗe. A da tana cike giɓin da kusu. Yanzu da ƙafa ta yi nauyi, sai ku cike mata.

Ku gwada haka sati 2: nama iri ɗaya, dafaffe da ruwa zalla, ba gishiri ba yaji ba mai, ko kifi da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai, da ƴar shinkafa mai laushi kaɗan. A ba ta kaɗan-kaɗan sau 3 ko 4 a yini, kada a tara mata lokaci guda. In kashin ya ɗaure, abinci ne. Sai ku riƙa mayar da sauran abubuwa ɗaya bayan ɗaya har ku gane wanda ba ya karɓar ta. Ɗanyen nama, da mabiyiya, da ɗan ɓari, kada a jefa mata ko kusa, ta nan cutar ke komawa cikin mussa. A binne su da zurfi ko a ƙone.

Mai taurin kashi ruwa take nema. Mussa mai kilo 3 na bukatar wajen mililita 150 a yini, har da wanda ke cikin abinci. Ku aje mata kwanon ruwa biyu a inuwa, ku jiƙa abincinta da romo, ku haɗa da ƙaramin cokali ɗaya na dafaffiyar kabewa. Ku kama fatar wuyanta ku saki: in ta tsaya ba ta koma da sauri ba, ruwan jikinta ya ragu.

Akwai waɗanda suka fi ƙarfin gida. Tana shan ruwa da yawa, tana fitsari da yawa, tana ramewa: ƙoda ake zargi. Tana ci kamar ba ta ƙoshi amma tana ƙarewa: wani ƙululu ne a wuya ke aiki fiye da kima. Akwai kumburin hanji, akwai kansar hanji, waɗanda sai likita ke rarrabe su. Kuma abu uku ba sa jiran ranar kasuwa: jini a kashi ko kashi baƙi kamar kwalta, mussar da ta kwana 2 ba ta ci komi ba, domin hantarta na lalacewa da yunwa, da muzurun da ke tsugunne yana nishi fitsari bai fito ba. Wannan na ƙarshe mutane kan ɗauka taurin kashi ne, alhali mafitsara ce ta toshe, kwana 2 ko 3 ya isa ya kashe shi. In kuwa ta canza hali farat ɗaya, tana dalala, tana cizo, kada ku taɓa ta. Haukar kare na kama mussa.

Maganin bisashe ba nata ba ne

Wannan ku gaya wa yara da mata. Parasetamol, ko rabin ƙwaya, yana kashe mussa. Maganin kaska da ake zuba wa shanu a gadon baya ko ake fesa wa tumaki yana sa ta makyarkyata har ta mutu. Babbar ƙwayar tsutsa ta tumaki an auna ta ne don bisa mai kilo 30 ko fiye, mussa kuwa kilo 3 ce, kuma wasu ba sa karɓar ta ko an gutsura. Girezil da kuke wanke garke da shi guba ne gare ta, tana taka shi ta lashe ƙafa. Gubar kusu ma, in ta ci kusun da ya ci, ta shiga cikinta. Ku tafi wurin ma'aikacin kiwo ko mai taimaka masa na ƙauyenku, ku gaya masa nauyinta. Auna ta ba wuya: a sa ta cikin buhu a rataya a ma'aunin mai awon hatsi.

Wurin bayan gidanta

Turawa na sayen akwati da wata ƙasa ta musamman don wannan. Mu rairayi bai yi mana wuya ba. Ku samu tsohuwar tasa mai faɗi ko rabin jarka da aka yanke a kwance, tsawonta ya kai tsawon mussar da rabi, don ta iya juyawa. Bakin shiga kada ya wuce yatsu 3 ko 4, saboda gaɓɓanta. Ku zuba busasshen rairayi mai laushi, zurfin yatsu 3. Ku fara aje ta daidai inda take ɓatawa, ku sa ɗan kashinta ciki don wari ya kira ta. In ta saba, ku riƙa jan tasar taki ɗaya kowace rana zuwa inda kuke so: kusa da makwancinta, ƙarƙashin rufi, nesa da kwanon abincinta, nesa da turken awaki da randa, inda kare da yara ba su matsa mata. In gidan babba ne ku yi biyu.

Kwashewa kullum ne, ba fashi. Kun tuna ƙwan sai ya kwana kafin ya nuna, wanda ya kwashe yau ya riga shi. A kwashe da gutsuren kwano, a zuba a masai ko rami mai zurfi, ba kan jujin taki ba inda awaki ke kiwo, ba kuma cikin lambu ba. Kowane sati a zubar da rairayin duka, a zuba wa tasar tafasasshen ruwa, a shanya ta a rana. Ruwan jabel ba ya kashe ƙwan nan, zafi ke kashe shi. A wanke hannu da sabulu. Mace mai ciki kada ta yi wannan aiki, kada kuma ta taɓa ɗan ɓari ko mabiyiya, domin cutar na ratsawa ga jaririn da ke cikinta ta taɓa masa ido da ƙwaƙwalwa.

Wurin da ta saba ɓatawa a kankare ƙasarsa, a zuba sabuwa, a kifa kwando ko turmi a kai na ɗan lokaci. Dusar da kashi ya taɓa kada a ce a kwashe sama a ba bisashe ƙasa, a zubar da abin da ke kewaye duka. Buhu a ɗaure bakinsa, ko a juye cikin tano mai murfi. Harawa a ɗora bisa rumfa, a gyara murfin rumbu. Mussa ta yi gadinta daga waje da ƙarƙashi, nan kusu ke bi.

In ƙarfinta ya ƙare har dole a kawo wata, ku nemi babba wadda ta wuce shekara, ta riga ta yi farauta. In ƴaƴa ne kaɗai ke samuwa, ku kawo su bayan tumaki da awaki sun haihu, ku koya masu tasar rairayi tun ranar farko, kuma watannin da suka fara kama kusu kada su kusanci wurin dusa da kwamin ruwa. Muzuru a kai shi a fiɗiye, a tambayi likitan dabbobi na birni ko yana yi wa mace aikin hana haihuwa.