Kafin ka miƙa wa manhaja amsoshin jama'a

Idan ka tambayi mata 500 abin da ke hana su zuwa awo asibiti, ka bar kowace ta amsa da bakinta, za ka tara rubutun da tantance shi da hannu jan aiki ne. Manhajoji irin su NVivo, ATLAS.ti da MAXQDA suna rage wahalar. Taguette kuma kyauta ce ga wanda ba shi da kuɗin lasisi.

Sai dai kada ka fara da manhajar. Zauna ka karanta amsoshi kamar 50 da idonka, ka fitar da rukunoni: kuɗin mota, izinin maigida, halin ma'aikata. Da su za ka riƙa yi wa sauran alama.

Gyara rubutun tukuna. Wannan mai tattara bayanai ya rubuta "kuɗi", wancan "kudi", wani "kud'i", kwamfuta kuwa kalmomi uku za ta ɗauke su. Abin da ya fi damuna shi ne kawaici, domin ƙirgen kalmomi ba ya gane shi. Matar da ta ce "to, ba laifi" wataƙila ƙorafi ne cike da cikinta. Ware irin wannan amsa, ka tambayi wanda ya yi hirar yadda ta faɗe ta.

Goge sunaye da lambobin waya kafin ka ɗora komai a intanet.