Amsoshin Tambayoyinku: Yarona yana banƙarewa a cikin keke

Tambaya: Ɗana shekararsa 8, tun haihuwa jikinsa yake sandarewa, ba ya iya zama da kansa. Mun samu keken guragu, amma da ya ji ƙara ko ya yi murna sai ya banƙare ya zame. Sau biyu majinginar tana karyewa. In sa mai walda ya ƙara mata ƙarfe? Daga wata uwa a Dungas.

Amsa: Sannu da ɗawainiya, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ki dakata da zancen ƙarin ƙarfe tukuna.

Banƙarewar nan ba ƙiwuya ba ce. Lahani a ƙwaƙwalwa ne ke sa jijiyoyin baya da na ƙafa su miƙe gaba ɗaya. Idan bayansa ya daki abin da ba ya motsi, ƙarfin ba shi da wurin zuwa: ko keke ya karye, ko yaron ya tura ƙugunsa gaba, fatar duwawunsa tana gurjewa. Shi ya sa aka ƙera mazauni mai motsi. Ana sa sifirin ko roba mai tauri a mahaɗar majingina, wani lokaci har a matakin ƙafa da matokarin kai. Yaro ya tura, majingina ta ɗan bi shi baya. Jikinsa ya saki, ta dawo da shi inda yake. Dawowar nan ita ce muhimmiya. Sifirin da ya yi laushi zai bar shi a kwance, wanda ya yi tauri kuma da shi da babu duk ɗaya, don haka gwani ne ke auna shi da ƙarfin yaron.

Kafin a kai ga wannan, a fara da ƙugu. Duwawunsa su kai ƙarshen mazauni, a bar tazarar yatsa biyu zuwa uku tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwarsa, tafin ƙafarsa ya taka wani abu. Ɗamara ta bi ƙasan ƙugu, a saman cinya. Ina roƙonki, kada ki ɗaure masa ƙirji kawai da zane: idan ya zame, zanen zai kama wuyansa. Duk dare ki duba duwawunsa da gadon bayansa. Tabon da ya yi ja ko ya ƙara duhu, bai washe ba bayan rabin awa, mafarin gyambo ne.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa a auna mutum kafin a ba shi keke, a kuma duba ƙasar da zai bi. A rairayin Dungas da Magarya ƙananan tayoyin gaba nutsewa suke yi, mai taya uku da dogon jiki ya fi tafiya.

Ki kai shi tare da keken wurin masu gyaran gaɓoɓi a Babban Asibitin Damagaram, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano in hanyar ta fi miki sauƙi. Su zana gyaran, sannan mai walda ya bi zanen. Yaro girma yake, sai a riƙa sake awon.