Fifikon Kwatance da Ribar Musaya: Misali Daga Ƙasar Fakku

A wannan maƙala za mu duba wata tambaya da kan rikita ɗalibi a farkon karatun ilmin tattalin arziki. Idan mutum ya fi maƙwabcinsa iya kowace sana'a, wace riba zai samu in ya yi ciniki da shi?

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne David Rikado, mutumin Ingila, a littafinsa na 1817. Ya ɗauki ƙasashe biyu da kaya iri biyu. A Ingila, saƙa wani adadi na tufafi yana cin aikin mutum 100 a shekara, yin giyar inabi kuwa mutum 120. A Fotugal tufafin na cin mutum 90, giyar 80. (Mai karatu ya yi haƙuri da giyar, lissafin muke bi.) Ke nan Fotugal ta fi Ingila a duka biyun. Amma ratar ta fi faɗi a wajen giya. Idan Fotugal ta yi kashi biyu na giya da mutum 160, Ingila ta saƙa kashi biyu na tufafi da mutum 200, suka yi musayar kashi ɗaya da ɗaya, to, kowace ta sami abin da take samu dā, Fotugal ta rage mutum 10, Ingila ta rage 20. Wannan shi muke kira fifikon kwatance: a auna kowane aiki da abin da aka bari domin a yi shi.

Sau da yawa ɗalibai kan kawo fataucin goro a matsayin misali, ganin yadda fatake a ƙarni na 19 suke bi ta Jega da kanwa da tufafi zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. A ganina misalin bai dace ba. Goro ba ya yi a ƙasar Hausa, saboda haka babu wani zaɓi da aka yi balle a auna shi.

Misalin da ya fi dacewa yana nan kusa, tsakanin manomi da makiyayi a ƙasar Fakku da kewayen Tambuwal da Kebbe. A ce ga manomi mai gona mai kyau wanda kuma ya iya kiwo ƙwarai, har ya fi wani Bafulatani da ya sauka kusa da shi. Duk da haka damina ɗaya ce. Kowace rana da ya bi shanu daji, rana ce da ciyawa ta ci masa gero, kuma noman fari ba ya jiran kowa. Shi kuwa makiyayin, ɗan abin da zai noma bai kai abin da garkensa zai rasa ba. Don haka manomi ya tsaya a gona, makiyayi ya riƙe sanda, a kaka shanu su shiga su ci kara su bar taki, gero ya tafi ruga, nono da man shanu su shigo gari.

Sai dai ƙa'idar ta nuna akwai riba ne kawai, ba ta faɗi yadda za a raba ta ba. Farashi ke raba ta. Manomin da bashi ya tilasta masa sayar da gero a kaka da araha, ya dawo ya saya da tsada kafin sabon hatsi ya fito, ya bar rabonsa a hannun ɗan kasuwa. Ga kuma haɗarin dogara ga abu ɗaya. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano, manoma sun zaɓi gyaɗa a 1912 maimakon audugar da Turawa suke so, kuma lissafinsu daidai ne. Amma fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya wannan ciniki, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace.