Yadda Ake Jiyyar Gajiyar da Ba Ta Sauka da Rashin Jure Wa Ƙamshi

A cikin larurorin da suke damun jama'armu ta Zangon Lome akwai guda biyu waɗanda mai su yakan sha wuya ninki biyu, wuyar ciwo da wuyar rashin gaskatawa, domin kuwa ba su da ƙurji ko kumburin da ido zai gani, balle a tausaya masa. Ta farko ita ce gajiyar da mutum zai kwana da ita ya tashi da ita wata da watanni, barci bai sauke ta ba, hutu bai kore ta ba, har makusanta su fara ce masa raggo ko mai son jiki. Ta biyu ita ce rashin jure wa warin abubuwan da sauran mutane ba su damu da su ba, kamar turare, da fetur, da maganin sauro, da sabon fenti, ta yadda da ya shaƙa sai kai ya sara, ƙirji ya ɗaure, zuciya ta tashi. Sau da yawa sukan haɗu a jiki ɗaya. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tartibin da ya kamata a bi a gida, da kuɗi kaɗan, kuma asalinsa ragewa ce kafin ƙari, wato abin da malaman ɗibbu na da, irin su Ibnu Sina da Ibnul Ƙayyim, suke kira himya, ƙaurace wa abin da ke cutarwa tun kafin a nemi abin sha.

Matakin farko ba a gida yake ba, kuma wanda ya tsallake shi ya yi gini ba harsashi. Gajiya alama ce, ba ita ce cutar ba, kuma a ƙasa irin tamu mafi yawan masu ita suna ɗauke da wani abu sananne mai magani: zazzaɓin cizon sauro da bai fita duka ba, ko ƙarancin jini, ko ciwon sukari, ko ciwon hanta, ko tarin fuka, ko tsutsar ciki, ko matsalar maƙoƙo, ko baƙin cikin da ya zauna a zuci har ya kashe jiki. Saboda haka sai a je asibitin unguwa, ko babban asibitin Sylvanus Olympio da ke Tokoin, a nemi awon jini, da na sukari, da na hanta, a kuma auna bugun jini. Idan awon jinin ya nuna ƙasa da 12 ga mace, ko ƙasa da 13 ga namiji, ko ƙasa da 11 ga mai ciki, to akwai ƙarancin jini, kuma wajibi ne a tambayi likita daga ina yake zuba ko me ya hana shi ƙaruwa. Kuɗin awon nan, komai nauyinsa, bai kai abin da mutum zai ɓatar cikin shekara guda wajen sayen kwalaben maganin basir da na shawara a bakin tasha ba.

In an bincika duka ba a sami kome ba, alhali gajiyar ta haura wata 6, ta hana mutum sana'arsa, kuma duk lokacin da ya yi wani ɗan ƙoƙari sai ya kwanta washegari ko jibi, to wannan ciwo ne da likitoci suka sani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin cututtukan jijiya tun 1969, kuma an ga ya yawaita bayan annobar korona ta 2020. Har yau ba a sami ƙwayar da ke warkar da shi ba, amma an san abin da ke tsananta shi, an kuma san yadda ake zama da shi.

Mataki na biyu, a sami ɗan littafin makaranta, a riƙa rubutawa kullum, da boko ko da ajami, abin da aka yi, da abin da aka ci, da abin da aka shaƙa, da yadda jiki ya wayi gari. Hikimar wannan ita ce, azabar ciwon ba ta zuwa nan take, takan jinkirta awa 12 zuwa 48, sai mace ta yi wanki ranar Asabar lafiya lau, ta kwanta ranar Litinin, ta ɗora laifin a kan abincin da ta ci daren Lahadi ko a kan bakin mutane. Mako biyu ko uku na rubutu ya isa ya nuna wa mutum iyakar ƙarfinsa.

Da an san iyakar, sai mataki na uku, wanda a wurina shi ne ginshiƙin jiyyar baki ɗaya, wato tattalin ƙarfi. Mu 'ya'yan fatake ne, mun san cewa wanda ya ci riba yana nan a kasuwa, wanda kuwa ya taɓa uwar kuɗi ya kama hanyar karyewa. Haka ƙarfin mai wannan ciwo yake, kowace rana da rabonta, kuma abin da aka ranto daga gobe da riba ake biyansa. Sai a rarraba aiki ƙanana-ƙanana, a huta tun kafin a gaji, a zauna a kan kujera wajen girki da wanka da wanke-wanke, a bar ɗebo ruwa da daka ga masu lafiya, kada kuma a haɗa zuwa kasuwar Adawlato da gaisuwar mutuwa a rana ɗaya. Ranar da jiki ya yi daɗi ita ce ranar hatsari, domin a ranar ne mutum yake son ya rama duk abin da ya wuce shi. A da likitocin Turai sukan tilasta wa irin waɗannan marasa lafiya motsa jiki ana ƙara masa nauyi mako-mako, sai hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta janye wannan shawara a 2021, bayan da marasa lafiya da yawa suka shaida cewa ƙara musu ciwo take yi. Shari'a ma ba ta ƙuntata ba: wanda tsayuwa ke galabaitar da shi ya yi salla a zaune, kamar yadda kowane ɗalibin Ahalari da Risala ya karanta, wanda kuma azumi zai kwantar da shi yana da rangwame, sai ya tambayi malaminsa da likitansa, kada kunyar idon mutane ta sa ya ƙi karɓar sauƙin da Ubangiji Ya yi masa.

Barci kuma a tsayar masa da lokaci. A kwanta bayan lisha, a ajiye waya nesa da shimfiɗa, a yi ƙailula gajeriya da rana, a daina goro da shayi mai kauri daga la'asar.

Mataki na huɗu ya shafi iska, kuma nan ne halin unguwarmu ya shigo. Tun da aka rushe tsohon Zango na tsakiyar gari a 1977, aka mai da jama'a Agoe, kimanin kilomita 15 arewa da birni, zamanmu ya koma bakin babbar hanyar da manyan motoci ke bi daga tashar jiragen ruwa zuwa Burkina Faso da Nijar da Mali, ga hayaƙin babura masu haya ba dare ba rana, ga fetur na kwalba a bakin titi, ga ƙurar hunturu a Disamba da Janairu, ga danshin damina da ke sa bango fumfuna a gidajen da ke kusa da fadamar kogin Zio. Mutum ba shi da ikon gyara titi, amma yana da ikon gyara ɗaki guda, kuma ɗakin kwana shi ya fi cancanta. A fitar da duk wani abu mai wari daga cikinsa: jarkar fetur ko kananzir, da babur in a ciki yake kwana, da kwalaben turare da humra, da kaskon turaren wuta, da ƙwayoyin kafur da ake sa wa a akwatin tufafi, da sabuwar shadda mai warin rini har sai an wanke ta an shanya. A goge ƙasa da tsumma mai ruwa maimakon shara, a wanke fumfunar bango a bar shi ya bushe, a buɗe taga ta ɓangaren da ba ya fuskantar titi. Murhun gawayi da injin wuta su zauna a fili, nesa da taga, domin hayaƙinsu yana da guba marar wari wadda kaɗan ɗinta ke kawo ciwon kai da kasala, mai yawanta kuwa ta kashe iyali a cikin barci.

Maganin sauro mai hayaƙi, da na fesawa, da fiya-fiya, da Sniper, duk a sallame su, a koma gidan sauro. In sabo ne mai magani, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura. Ruwan jabel kuwa kada a kuskura a gauraya shi da wani maganin wanke masai, don haɗuwarsu tana tayar da iska mai ƙona huhu. Wajen wanka a koma sabulun salo marar turare, wajen shafa a koma man kaɗe tsantsa, a rabu da mayukan sauya launin fata, waɗanda da yawansu ke ɗauke da sinadarai masu lahani ga ƙoda da jijiya.

A zauna haka mako biyu. Daga nan sai a riƙa mai da abubuwan ɗaya bayan ɗaya, ana barin kwana uku a tsakani, ana duba littafi. Wannan mayarwa tana da muhimmanci ƙwarai, domin manufa ita ce a gane abu biyu ko uku da suke tayar da ciwon, ba a mai da mutum ɗan kurkuku mai tsoron kowane ƙamshi ba, wanda ba ya zuwa masallaci, ba ya zuwa suna. Wanda kuma ƙirjinsa ke kuka in ya shaƙi wari, a duba shi ko asma ce, ita kam tana da magani.

Na san turare ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, sunna ne ga mai zuwa Juma'a, ado ne ga amarya, kuma matar da ta ce ba ta son turaren wuta a ɗakinta sai an yi mata fassara iri-iri. Amma mustahabbi ba ya rinjayar kawar da cuta. Babu laifi mace ta ce wa maigidanta, "Malam, don Allah in za ka fesa, ka bari sai ka kai zaure," ko ɗa ya ce, "Inna, a kai kaskon nan tsakar gida, kaina yake sarawa," kuma wanda aka roƙa haka ya sani cewa amsawarsa sadaka ce.

Sai a mataki na biyar ake maganar abin da za a ƙara, kuma tukunya ce farko kafin kantin magani. A ci kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar, maimakon a cika ciki da tuwo ko shinkafa lokaci ɗaya jiki ya mutu. Wake, da ƙananan kifi busassu da ake ci har ƙashi, da ƙwai, da wagashi, da nono, da hanta sau ɗaya a mako ga wadda ba ta da ciki, da miyar zogale, da kuka, da lalo, da ganyen gboma da maƙwabtanmu Ewe suke miya da shi, da daddawa ta ɗorawa, duk suna kasuwa kuma ba su fi ƙarfin talaka ba. A bi abinci da lemo ko gwaiba ko ruwan tsamiyar kuka, domin tsaminsu yana taimakon hanji ya ɗauki sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Shayi kuwa hana ɗaukarsa yake yi, sai a raba shi da abinci da kamar awa biyu. A rage kanwa a wake da miya, tana kashe wasu sinadaran abinci, kuma likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa tare da wankan jego mai zafi yana da hannu a ciwon zuciyar masu jego. Zuma da dabino da habbatus sauda da citta abinci ne masu albarka, a ci daidai misali, amma mai ciwon sukari ya yi hattara da biyun farko, kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma.

Ƙwayoyi masu araha da amfaninsu ya tabbata kaɗan ne, kuma kowace tana da mai ita. Ƙwayar ƙarin jini ta ƙarfe da folik ga wanda awo ya nuna yana bukata, a sha kamar wata 3, ba tare da shayi ko madara ba. Takan baƙanta bayan gida, wannan ba abin tsoro ba ne, amma a ɓoye ta daga yara domin tana iya kashe su, kuma mai sikila kada ya sha ƙarfe sai da izinin likita. Maganin tsutsa, albendazol, ga wanda ya daɗe bai sha ba, ban da mai sabon ciki. Bitamin B12 ga tsofaffi da masu shan metformin shekara da shekaru, in likita ya ga dacewarsa. Wanda jiri ke ɗiba in ya miƙe tsaye ya yawaita ruwa, ya kuma gwada ruwan gishiri da sukari, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sai dai mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda wannan ba nasa ba ne. Kowane abu a fara shi shi kaɗai, a ba shi makonni, in bai yi kome ba a bar shi. Gwangwanayen nan masu tsada da ake yawo da su gida-gida, ana cewa suna wanke dattin jiki, ban ga hujjar da za ta sa magidanci ya taɓa kuɗin cefane dominsu ba, haka nan yawan wankin ciki da filasko ƙara wa mai gajiya rauni yake yi.

Abin da na fi jin tsoro shi ne haɗin da ake kira maganin gajiya, wanda masu talla ke ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya, ba suna ba takarda. A cikinsa akan sami taramol, da ƙwayar sa ƙiba, da maganin ciwon jiki mai cin tumbi. Yakan ba da ƙarfin yini ɗaya, ya bar mutum da jaraba, ko gyambon ciki, ko ciwon sukari. A nan Lome aka yi taron wasu shugabannin Afirka a watan Janairu na 2020 a kan yaƙi da jabun magunguna, amma har yanzu tiren masu tallar magani yana yawo a unguwa. A sayi magani a famasi mai rajista, ko da ƙwaya goma ce.

Ya kai mai jiyya, ko miji ne kai, ko uwa, ko abokiyar zama, idan ka ga majiyyacinka yana rama ba dalili, ko tari ya wuce mako biyu, ko ƙafafu sun kumbura, ko numfashi na gagara in ya kwanta, ko ido ya yi rawaya, ko jini na fita, ko ya fara cewa mutuwa ta fi masa wannan zama, to ka ajiye duk abin da na faɗa a sama, ka nemi mota ka kai shi asibiti a ranar, kada ka jira gari ya waye.